Kuɗin da Ba Na Taɓawa

Jiya ka tambaye ni, "Maigida, me ya sa duk aikin da aka biya sai ka ware wani abu gefe, alhali ga katako muna nema?" Hannuna na kan zarto a lokacin, shi ya sa ban tanka ba. Jawo benci ka zauna.

Kuɗin nan suna da masu su, ɗana, ranar karɓa ce kawai ba ta zo ba. Injin yankan katakon nan bashi na ɗauko shi. Hayar shago kuma ba ta mantuwa da ranarta. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ban taɓa jin kunyarsa ba. Abin da nake gudu shi ne mai kuɗi ya tsaya a bakin ƙofa ina sosa ƙeya. Ya taɓa faruwa da ni ina sabon buɗe shago: haya ta cika, aljihu wayam, na sayar da injina na farko rabin kuɗinsa. Wata takwas ina yanka da hannu, har tafina ya yi kanta.

Ga yadda nake lissafi. Shekara mako 52 ce, amma abin da zan biya a ƙarshenta da 40 nake raba shi. Sauran mako 12 na bar wa rashin lafiya da ranakun da za mu wuni ba wanda ya leƙo. Abin da ya fito shi nake cirewa kowane mako, kuma da farko nake cirewa, tun kafin cefane. Wanda ya ce sai abin da ya rage zai ajiye, wallahi ba abin da zai rage.

Akwai bashin da ba mai zuwa tambayarsa, shi ya fi kayar da masu sana'a. Dubi haƙoran zarton nan, kullum ƙara cinyewa suke. In inji zai yi maka shekara biyar, duk shekara kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinsa ya tafi. Ka tara wannan kason, ka ɗora wani abu a kai, domin sabo ba zai tsaya a farashin yau ba.

Kafin alƙalami kuwa amana ce, na katako da ƙusa da gam ne. Kada ya shiga asusun nan.

Hannunka shi ne babban ɓarawon asusu. Ko gwamnatoci sun sha wannan. Ingila ta taɓa kafa asusun biyan bashin ƙasa, ministoci suka riƙa ɗiba suna toshe wasu ramukan. Da firaministan ƙasar, William Pitt, ya sake kafa shi a 1786, ana zuba fam miliyan ɗaya duk shekara, sai ya damƙa shi ga kwamishinoni na daban. Ni ma haka na yi: nawa yana banki, ban karɓi katin cirewa ba, kuma na haya daban, na inji daban.

Kai ma yaye na tafe. Gobe ka zo da littafi, mu rubuta kayan aikin da za ka buƙata, mu raba kuɗinsu da makonnin da suka rage maka. Daga ɗan abin da nake ba ka ran Asabar za mu fara.