Amsar Kawu Ga Mai Son Ajiye Aiki Ya Shiga Kasuwa

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso, na karanta shi a tsanake. Ka ce aikin bankin nan ya ishe ka, kana fita gari bai gama wayewa ba, ba ka dawowa sai yara sun yi barci, kullum ana matsa maka ka kawo masu ajiya, don haka kana so ka ajiye ka kama cinikin hatsi a Dawanau. Ka ce Hajiya, mahaifiyarka, ta ce ba da yawunta ba. Sannan ka tambaye ni ko a al'adarmu ya dace mutum ya bar albashi tabbatacce ya shiga kasuwa, ko abin kunya ne mai digiri ya zauna a rumfa, da kuma wanda magabata suke fifitawa tsakanin kuɗi da jin daɗin rai. Na ji daɗi da ka tambaya kafin ka aikata, Allah ya yi maka albarka.

Maganar kunya dai cire ta daga ranka. Albashi baƙo ne a ƙasar Hausa, kasuwa kuwa 'yar gida ce. Kasuwar Kurmi tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Kakanninmu fatake ne. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ɗaura wa jakuna kanwa da tufafi da fatu, su bi madugu wata da watanni har Salaga ta ƙasar Gwanja, su komo da goro. Alhassan Dantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, da fataucin goron nan ya tashi, kuma da layin dogo ya iso Kano a 1911 cinikin gyaɗa ya buɗe, sai ya shiga ya yi fice. Addini ma bai bar mu a duhu ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kai dukiyar Nana Khadija Sham fatauci. Abdurrahman ɗan Aufu ya isa Madina hannu rabbana, ɗan'uwansa a Musulunci Sa'adu ɗan Rabi'u ya ce zai raba masa dukiyarsa biyu, sai Abdurrahman ya yi masa addu'ar albarka ya ce a nuna masa hanyar kasuwa kawai. To, wa zai ce maka zaman rumfa ƙasƙanci ne?

Amma kada ka ga baiken mahaifiyarka. Mu da ita mun ga lokacin da ma'aikaci ya zama abin kwatance. Da aka biya kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati, a farkon 1975, ƙananan ma'aikata suka sayi babura da rediyo, iyaye suka riƙa fifita ɗan boko mai albashi wajen ba da aure. A idon wanda ya ga wannan, takardar ɗaukar aiki garkuwa ce. Ita kuma ta ga 'yan kasuwar da suka karye, ta ga matansu suna fitar da kwanukan jerensu ana sayarwa a ɓoye. Abin da take gudun maka ke nan. Sai dai ni na ga ɗaya gefen. Na ga masaƙun Kakuri a Kaduna da masana'antun Bompai da Sharaɗa a Kano sun rufe ɗaya bayan ɗaya, magidanta masu shekara da shekaru a bakin aiki suka wayi gari ba albashi ba sana'a. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma, kai ka fi ni sanin inda albashi yake ƙarewa a wata. Saboda haka ba na cikin masu cewa aikin albashi ba a barin sa.

Abin da al'ada ta hana shi ne shiga kasuwa da ka. A wurinmu ba a wayar gari a ce wane ya zama ɗan kasuwa don yana da kuɗi a hannu. Yaro ake fara zama. Uba ya kama hannun ɗansa ya kai shi wurin wani amintacce ya ce ga amana. Yaron nan shi zai riga kowa zuwa, ya share gaban rumfa, ya shimfiɗa tabarma, ya fito da samfur a faranti, ya tsaya a kan 'yan dako suna sauke kaya yana ƙirga buhu. Ba a ba shi mabuɗi a shekarar farko. Sai an aike shi da kuɗi an ga canji ya dawo daidai, an bar shi shi kaɗai da mai saye an ga bai rantse a kan ƙarya ba, an aike shi karɓar bashi an ga bai zubar wa maigida mutunci ba. A hankali a sakar masa littafin bashi, daga baya a tura shi kasuwannin ƙauye sari.

Ranar sallama kuwa rana ce babba. Maigida ya kira maƙwabtan layi su zama shaida, ya ware masa jari, ko tsabar kuɗi ko kaya a kan ya sayar ya biya, a yi addu'a a shafa. Sai kuma abin da ya fi jarin daraja: ya ɗauke shi ya zaga da shi wurin masu ba shi kaya, ya ce wannan yarona ne, abin da kuka ba shi ni kuka ba. Da wannan kalma ɗaya ake buɗe wa mutum sito a loda masa mota ba tare da ya ajiye ko sisi ba. Kai da kake banki ka san yawan takardun da ake nema kafin a ba mutum rance. A kasuwa shaidar maigida ce takardar, kuma ba a sayen ta da kuɗi, zama ake yi a same ta. Ko Aliko Dangote, da kuke yawan kafa misali da shi, a gidan kasuwanci ya tashi, kuma da rancen dangin mahaifiyarsa ya fara a 1977.

Wannan zaman shi ne abin da ba ka da shi, ɗana. Kana da lissafi, ka iya kwamfuta, ka san yadda ake magana da manyan kamfanoni, duk za su yi maka rana. Amma ka taɓa zura hannu cikin buhun masara ka gane ba ta gama bushewa ba? Wanda ya saba, da ya ciza ƙwaya ɗaya ya ji ba ta yi ƙas ba, ya san in ya ajiye ta za ta yi fumfuna. Ya san buhun wake da aka cika samansa da mai kyau aka ɓoye mai ƙwari a ƙasa, shi ya sa yake soka ƙarfen ɗiban samfur a gindi da tsakiya. Ya san riɗin da aka haɗa da yashi don ya yi nauyi a sikeli, ya san zoɓon da aka yayyafa wa ruwa. Ya san dillalin da zai karɓi la'ada a wurinsa ya sake karɓa a wurin mai kaya. Sabon shiga mai kuɗi a aljihu kuwa, tun daga bakin ƙofa ake gane shi, kuma ba kowa ne mai tsoron Allah ba. Ga shi farashi ba ya da amana. Mutane sun saba a saya da kaka a ajiye sai damina ta yi nisa a fitar, sai ga shi a 2025 farashin masara ya sauko, masu ajiya da yawa suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Ka kuma kiyayi ɓoye abinci don jiran tsada alhali mutane na cikin yunwa, hadisi ya yi hani da shi.

Akwai wani abin da ba a faɗa wa masu shirin buɗe shago: bashin 'yan'uwa. Ranar da aka ji kana da hatsi, goggo za ta aiko a auno mata tiya biyar kafin ƙarshen wata, abokin makaranta zai ɗauki buhu biyu ya ce sai an yi albashi. Ba za ka iya hana kowa ba, kuma bai kamata ba. Abin da dattawan kasuwa suke yi shi ne su ware abin kyauta daban, su ba da shi da sunan kyauta, jari kuwa ko uwar ɗaki ba ta taɓa shi.

Yanzu ga tambayarka ta ƙarshe. Magabatanmu ba su ɗauki kuɗi da jin daɗi a matsayin kishiyoyi da sai an saki ɗaya ba. In za su yi wa ɗa addu'a, cewa suke Allah ya rufa asiri, ya ba da wadatar zuci, ya sa albarka a cikin nema. Manzon Allah ya ce wadata ba yawan kayan duniya ba ce, wadata ita ce wadatar zuci. Don haka kokenka ba shagwaɓa ba ne. Mutumin da 'ya'yansa ba sa ganin sa sai ranar Lahadi, sallar jam'i tana wuce shi, zumunci ya gagare shi, hawan jini yana neman kama shi tun bai kai arba'in ba, yana da hujjar neman canji ko da abin da zai samu bai kai na da ba. In kuma akwai damuwar kuɗin ruwan banki a ranka, kamar yadda na hango a tsakanin layukan saƙonka, wannan ka kai ta gaban malamin da ka yarda da iliminsa.

Sai dai kada ka zaci kasuwa wurin hutu ce. Ɗan kasuwa ma yana kwana ido biyu, in motarsa tana hanya direba bai ɗaga waya ba, ko in wanda ya ɗauki kayan miliyoyi ya daina amsa sallama. Za a yi kwanaki ba ka yi ciniki ba, kuma ba wanda zai turo maka komai ranar 25 ga wata. Bambancin shi ne wahalar taka ce, lokacinka naka ne, in an kira salla ka rufe ka tafi. Wasu wannan ya ishe su farin ciki, wasu kuma rashin tabbas ɗin yana cinye su fiye da matsin ofis. Ba za ka san ko wane iri ne kai ba sai ka ɗanɗana.

Kuma jin daɗin nan ba naka ne kai kaɗai ba. Albashinka baki nawa yake ci? Matarka da yaranka, maganin Hajiya, kuɗin makarantar ƙannenka. Hadisi ya ce ya ishi mutum zunubi ya tozarta wanda yake ciyarwa. Namijin da ya samu kwanciyar hankali a rumfa, matarsa kuma tana gida tana tunanin abin da za a ɗora, bai samu komai ba. Ka zaunar da ita ka faɗa mata gaskiyar abin da ke hannunka da irin ƙuncin da za a iya shiga a shekarar farko. Mata suna da haƙurin talauci in an yi shawara da su, abin da ba sa jurewa shi ne a yanke a kansu su ji a bakin waje.

Ga abin da nake gani. Ka bar aikin, amma ba bana ba, kada a yi sakin reshe kama ganye. Ina da amini a Dawanau, dattijo ne mai riɗi da wake, zan kai ka in damƙa masa kai. Asabar da Lahadi da hutunka na shekara ka ba shi su, daga wannan kaka zuwa ta baɗi, ka ga shigowar sabon kaya da tsadarsa da faɗuwarsa. Ka ajiye digirinka a gida, in ya ce ƙirga buhu ka ƙirga. Ka sa wani abu kaɗan daga ajiyarka a hannunsa bisa ƙiradi, wato kuɗi naka, juyawa tasa, riba ku raba yadda kuka yi yarjejeniya, in an faɗi ba da sakacinsa ba asarar kuɗin taka ce. Ku rubuta, ku sa shaidu, ko da yake aminina ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka ba rashin yarda ba ne.

Kafin ka miƙa takardar ajiye aiki, ka tabbata ka biya kuɗin haya na shekara, ka ajiye abincin gida da kuɗin makaranta na watanni, kuma duk wannan ba ya cikin jari. Kada ka sayar da gida ko gonar gado, kada ka ci bashi mai ruwa. Na san dokar fansho ta 2014 ta yarda wanda ya bar aiki bai kai shekara 50 ba, ya yi wata huɗu bai samu wani ba, ya ciri kashi 25 cikin 100 na abin da ya tara. Ka bar wannan a matsayin abin fita kunya, kada ka lissafa shi cikin kuɗin sari. In lokacin tafiya ya yi, ka ba su sanarwa yadda ƙa'ida ta ce, ka miƙa komai a rubuce, ka bi abokan aiki da na sama da kai ka yi musu sallama ku yafi juna. Yadda yaro ba ya guduwa daga rumfar maigidansa da dare, haka ba a fita daga ofis da faɗa. Gobe kana iya buƙatar su, su ma suna iya zama masu sayen kayanka.

Maganar Hajiya kuma ka bar mini. Ba a ja-in-ja da uwa, kuma ba a shiga nema da fushinta a ka. Abin da aka saba shi ne ɗa ya samu babba ya shige masa gaba, ni kuwa Yayata ce, na san ta inda ake bi mata. Ba zan ce mata za ka bar aiki ba, don ba yanzu za ka bari ba. Zan ce mata za ka koyi kasuwa a hannun mutumin da ta sani, kana riƙe da aikinka. In shekara ta zagayo ta ga littafinka da idonta, ta ji shaidar maigidanka, ina kyautata zaton da bakinta za ta sa maka albarka. In kuma kai da kanka ka ga kasuwar ba ta karɓe ka ba, ba ka yi asarar komai ba sai 'yan Asabar da Lahadi, sai mu nemi wani aikin da zai bar ka ka ga iyalinka.

Ka yi istihara a kwanakin nan. Ranar Juma'a bayan an sauko ka biyo ta gida, ka zo da lissafin abin da kake kashewa a wata da abin da ka tara, mu duba tare, Asabar da safe mu wuce Dawanau. Ka gaishe mini da maiɗakinka da yara.

Kawunka.