Tambayi Sista: "Babansa Ya Rantse Sai Gidan Mari"

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan ƙwaya ne, don haka na ɗauko ta wata uwa na tsaya a kanta, sauran da suka rubuto a kan shaye-shaye za su tsinci amsarsu a ciki. Kamar kullum, na cire sunaye.

TAMBAYA: Sista, sannu da aiki. Ɗana ne na biyu, shekararsa 23, yana tuƙa Keke Napep. Ya fara shan tiramol wai don ƙarfin aiki, yanzu har da roci da maganin tari. Ya sayar da wayata, ya sayar da keken ɗinkin ƙanwarsa. Sau biyu yana yanke jiki ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Babansa ya rantse sai ya kai shi gidan mari, an ce masa wata shida ake yi yaro ya fito garau. Ni hankalina bai kwanta ba, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Amma in na hana, me zan ce a yi? Daga wata uwa, Funtuwa.

AMSA: Hajiya, sannu da haƙuri, Allah ya shirya mana zuri'a. Kada ki yarda a kai shi. Kuma kada ki fito wa Alhaji ta fuskar tausayi, zai ce ke kika sangarta shi. Ki fito masa ta fuskar haɗari, domin haɗarin gaskiya ne.

A cikin abubuwa ukun da kika lissafa, wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne roci. Tiramol da kodin, wato sinadarin da ke cikin maganin tarin, idan aka yanke wa mutum su lokaci guda, zai sha wuya ƙwarai: zawo, amai, ciwon gaɓoɓi, hamma ba ƙaƙƙautawa, majina da hawaye, gumi, ga barci ya ƙaurace. Abin yakan fara cikin yini guda, ya yi tsanani a kwana na biyu da na uku, ya lafa wajen mako guda. Amma roci da ɗan'uwansa diazepam, wanda yara ke kira D5, ba a yanke su haka. Ƙwaƙwalwar da ta saba da su, in aka raba ta da su dare ɗaya, tana iya jefa mutum cikin jijjiga da ruɗewa, har a rasa rai. A asibiti ragewa ake yi kaɗan-kaɗan, makonni ana yi, likita na lissafi, mu muna aunawa. A gidan mari wa zai yi wannan lissafin? Yaro zai fara jijjiga da ƙarfe a ƙafa a ce aljaninsa ne ya tashi, a ƙara masa bulala.

Faɗuwar da ya riga ya yi kuwa, da alama aikin tiramol ne. Ko a asibiti ba a wuce miligiram 400 a yini, kuma wanda hukuma ta amince a sayar a Najeriya mai 50 ne da mai 100. Wanda ke yawo a tasha mai 225 ne, har da mai 250. Ƙwara biyu kawai ya riga ya haura iyaka, su kuwa yaran nan a shayi ko lemon kwalba suke watsa huɗu ko biyar. In ya sake faɗuwa, ku kawar da abin da zai ji masa ciwo, ku sa masa tsumma a ƙarƙashin kai, jijjigar na tsayawa ku juya shi ya kwanta ta gefe. Ba a cusa cokali a baki, ba a ɗura manja ko madara, ba a turara masa hayaƙi. Yawunsa ba ya sa wa kowa cuta. Idan jijjigar ta kai minti biyar, ko kuka same shi yana wani irin minshari an tashe shi ya ƙi tashi, numfashi na fita da ƙyar, leɓe ya yi duhu, to a ɗauke shi sai asibiti mafi kusa, ba a jira gari ya waye.

Ki tuna wa Alhaji abin da ya faru a Rigasa ta Kaduna a watan Satumbar 2019, da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida, da yawa da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon duka. Makonni kaɗan bayan nan aka sake ganin irinsa a Daura. Iyayen waɗannan yara ba mugaye ba ne, gajiya suka yi kamar yadda Alhaji ya gaji. Ni ma na karɓi irinsu a ɗakin da nake aiki: gyambo a idon sawu inda mari ya ci, ƙazuwa, tari, ga yaro ba ya iya haɗa ido da kowa. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa iyaye ba. Wanda aka kulle wata shida, jikinsa ya manta da ƙwayar amma ransa bai manta ba. Ranar da ya fito, abokai na jira, zai sha adadin da ya saba sha a da, jikin kuwa ba zai iya ɗauka ba. A irin wannan rana ake yawan rasa su.

Daga Funtuwa, sashen masu taɓin hankali na asibitin koyarwa da ke Shika a Zariya ba shi da nisa, ga kuma asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna. Masu karatu na Sakkwato da Zamfara akwai na Kware, na Borno da Yobe akwai na Maiduguri, a Kano akwai Dawanau da asibitin Malam Aminu Kano. Ku tafi da fankon duk abin da kika tsinta a aljihunsa da ƙarƙashin katifa, ya fi mana dogon bayani amfani. Ku faɗi gaskiyar ranar da ya sha na ƙarshe. In kin taɓa ganin tabon allura a hannunsa ko cinyarsa ki faɗa, domin a gwada shi ciwon hanta da ƙanjamau.

Aikinmu na makon farko ba wani abin mamaki ba ne. Awon jini da bugun zuciya, ruwan gishiri da sukari saboda zawo, kunu kaɗan-kaɗan, wanka, da zama kusa da shi cikin dare lokacin da yake rantsuwa mutuwa zai yi. Fitar da ƙwaya daga jiki shi ne mai sauƙin. Wuyar tana gida, kuma a nan ke ce nas. Kuɗi kada su zauna a hannunsa a watannin farko, in abinci yake so a ba shi abinci. Kada ki ƙara biyan bashin da ya ci a ɓoye, kada ki ƙara rufa masa asiri a wurin babansa. Tashar da yake lodi, in da hali, a sauya, domin mai sayar masa yana nan inda ya bar shi. A samar masa abin yi tun daga asuba, zaman banza tsakanin azahar da magariba shi ne ke mayar da su. Kuma ku sa a ranku zai iya zamewa. In ya zame a koma asibiti a makon, ba a ce an yi asarar kuɗi ba.

Alhaji na jin kunyar unguwa, na sani. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 a ƙasar nan sun sha miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga ciki irin su tiramol ne. Layinku ma ba gidanku kaɗai ba ne, sauran shiru suka yi. Ki nemi wanda Alhaji ke jin nauyi, yayansa ko limamin masallacinsu, ku zauna da yaron da safe lokacin da idonsa ke buɗe, ba da dare yana layi ba.

TAMBAYA: Sista, yayana ne ke da taɓin hankali, an ba shi magani a asibiti ya fara samun sauƙi. Kwana uku da farawa sai wuyansa ya murɗe, idonsa ya kakkafe sama, harshe ya fito. Kakarmu ta ce aljanun ne ba sa son maganin asibiti, aka daina. Yanzu ya koma magana shi kaɗai, ya daina cin abincin gida wai ana sa masa guba. Za a iya haɗa ruƙiyya da magani? Daga wani ɗalibi, Gusau.

AMSA: Ɗana, abin da ka gani ba aljani ba ne, illar magani ce da muka sani sarai, musamman haloperidol da ire-irensa na da, kuma samari ta fi kamawa a kwanakin farko. Tana da ban tsoro a ido, amma allura guda kan sake wuyan cikin mintuna. Daga nan likita ya rage maganin, ko ya sauya, ko ya haɗa masa da benzhexol. Wannan ƙwayar ita ce 'yan shaye-shaye ke nema da sunan Exol, saboda haka a kulle take zama, mutum ɗaya ke riƙe makulli. Ina jin haushin yadda a cunkoson asibiti ake miƙa wa mutane magani ba a yi musu wannan bayanin na minti biyu ba. Da an yi, da Kaka ba ta samu abin faɗa ba.

Ku mayar da shi. Ku faɗa wa likita abin da ya faru dalla-dalla. In haɗiyar ƙwaya kullum ce rigimar, ku tambayi allurar da ake yi duk mako biyu zuwa huɗu. Maganin yakan ɗauki makonni kafin muryoyin da mai wannan ciwo kan ji su lafa, kuma ana ci gaba da sha bayan an samu sauƙi, kamar dai mai hawan jini. Da azumi ma ba a ajiye shi, sai dai a nemi likita ya mayar da shi dare.

Batun guba, kada ka yi gardama da shi, kada kuma ka ce masa haka ne. Gardama za ta sa ka shiga cikin waɗanda yake zargi. Ce masa, "Yaya, ni ban ga abin da kake gani ba, amma na ga kana cikin tsoro." Sannan ka zauna ku ci a kwano ɗaya, kai ka fara kai loma. Ko ka kawo masa abin da zai ɓare da hannunsa: dafaffen ƙwai, ayaba, lemo, gyaɗa. Abin da ba na so ku yi shi ne niƙa magani a zuba masa a abinci a ɓoye. Ranar da ya ji ɗacin, kun tabbatar masa da zarginsa, ba zai ƙara yarda da ku ba.

In ya harzuƙa, mutum ɗaya ya yi magana, a hankali, daga ɗan nesa. Kada a yi masa zobe, kada a tare ƙofa, a sallami 'yan kallo, wuƙa da taɓarya a kawar tun kafin ranar. Ka riƙa lura da barcinsa, domin kwana biyu ko uku ba barci shi ne yawanci alamar farko cewa ciwon na dawowa. Idan ka ji yana cewa ya gaji da duniya, tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a ɗauke fiya-fiya da duk wani maganin ƙwari daga gidan, a tafi asibiti a ranar.

Ruƙiyya kuwa, a yi. Ban taɓa hana iyali karanta wa majinyaci Alƙur'ani a bakin gadonsa ba, da yawa ma sun fi natsuwa bayan an yi. Sharaɗina uku ne: ba duka, ba shaƙe shi da hayaƙi a rufaffen ɗaki, kuma malamin da ya ce a ajiye maganin asibiti a nemi wani malamin. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da tsohon Shugaba Buhari ya sa wa hannu, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta amince cewa mai wannan lalura yana da haƙƙi kamar kowa, ba a azabtar da shi da sunan magani.

TAMBAYA: Matata ta haihu kwana tara ke nan, haihuwar fari. Tun kafin suna ba ta barci, tana ta surutai, jiya ta ce jaririn ba nata ba ne an musanya mata. Gwaggonta ta ce iska ce ta jego, a bari a gama wanka. Daga wani magidanci, Azare.

AMSA: Malam, kai na riga na amsa maka ta waya domin taka ba ta jiran fitowar mujalla, ina maimaitawa ne saboda wasu. Ba a jiran arba'in. Wannan ciwo ne da ke kama mace ɗaya ko biyu cikin dubu bayan haihuwa, yawanci a makonni biyun farko, kuma yau ake kai ta asibiti. A can za a fara duba zazzaɓi da hawan jini, domin su ma suna ruɗa mai jego. Kafin ku isa, kada a bar ta ita kaɗai da jaririn ko na minti ɗaya, amma kada a ɓoye mata shi, ta gan shi da wata babba a zaune kusa. A dakata da wankan tafasasshen ruwa, a kawar da garwashi daga ɗakin. Mafi yawansu suna warkewa sarai su rungumi 'ya'yansu. In ta sake samun ciki, tun awon farko a faɗa wa ungozomar asibiti, domin yana iya dawowa. Maganar mayar da ita gidansu da ka ce danginka sun fara, ka rufe ta.

Masu tambaya ko aure na warkar da ɗan ƙwaya ko mai taɓin hankali, ku da yawa ne wannan karon. Ba ya warkarwa. A fara magani, a ga natsuwar da ta ɗore, sannan a faɗa wa yarinyar da waliyyinta gaskiyar ciwon da maganin da yake sha kafin a karɓi sadaki.