Sukarin da ba don zaƙi ake sayensa ba

Ɗana, ajiye tiren nan ka zo. Ɗazu ka ce, "Oga, wannan tirehalos da na gani a jikin ledar kek, ba za mu zuba shi a kwaɓi maimakon sukarinmu ba, tunda an ce burodi ba ya saurin bushewa da shi?" Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana cikin hannunka kullum da asuba.

Dubi yis ɗin da kake aunawa. Gari ne busasshe, sai ka rantse babu rai a cikinsa, amma da ya ji ruwan ɗumi sai ya farka ya kama kumfa. Tirehalos wani nau'in sukari ne da yis kan tara a jikinsa, kuma lokacin da ake busar da shi a masana'anta, sukarin ne ke zama a gurbin ruwan da ya fita, ya riƙe ƙwayoyin kada su farfashe. Ikon Allah ke nan. Akwai shi a naman kaza, wato laimar kwaɗi, akwai shi a jinin fara, da shi take samun ƙarfin tashi.

Shi tirehalos, gulukos biyu ne aka ɗaure wuri guda, amma ɗaurin ya kama su ne daidai ta bakin da kowannensu ke cuɗanya da sauran sinadarai. Wuta ba ta saurin kwance ɗaurin, tsami ma haka. Nan ne amfaninsa yake, nan ne kuma matsalarmu. Sukarin rake da muke zubawa, yis kan raba shi gida biyu, ya ci wani, ragowar ta haɗu da furotin na fulawa a cikin zafin tanda, ɓawo ya yi ja ya yi ƙamshi. Tirehalos ba ya wannan aikin. Ka cika kwaɓi da shi, ɓawon burodi ba zai yi ja yadda aka saba ba, kuma zaƙinsa bai kai rabin na sukarin rake ba. Wane mai shayi ne a Kawo ko Kakuri zai karɓi wannan daga hannunka?

Inda yake da daraja shi ne laushi. Abin da ke sa burodin jiya ya yi tauri, sitacin cikinsa ne ke sake curewa bayan ya huce, tirehalos kuma yana jinkirta hakan. Shi ya sa masu kek da alewar shinkafa a Japan suka rungume shi, tun da kamfanin Hayashibara ya gano hanyar yin sa daga sitaci a 1994, farashinsa ya sauko. Sunan kuwa tsoho ne, wani Bafaranshe mai suna Berthelot ya raɗa masa a 1859. Har a maganin ɗigawa na bushewar ido ana sa shi.

Abu guda kada ka taɓa yi: kada ka ce wa mai ciwon sukari wannan ba zai taɓa shi ba. Hanji kan raba shi ya koma gulukos ya shiga jini. Amanar mutane ce a wuyanmu.

Idan hunturu ya shigo, za mu sayo kaɗan mu gwada a kek, mu rage wani ɓangare na sukarin mu cike da shi, mu ajiye biyu gefe da gefe har kwana uku. Burodin masu shayi kuwa a bar shi yadda yake. Je ka duba kwaɓin can, ya isa yanka.