Ƙarfe Mara Nauyi Zai Iya Fitar Da Ƙwanji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙarafan ɗagawa na hannu guda biyu a gida, kowanne kilo 5. Kullum ina ɗagawa sau goma-goma, amma jikina yana nan jiya i yau. Sai na sayi masu nauyi ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ba sai ka saya yanzu ba. Goma-goman nan ita ce matsalar. Tsoka tana girma ne idan an kai ta bakin gazawa. In ka ajiye ƙarfe a na goma alhali kana da ƙarfin wasu goma, ko ɗumi ba ta yi ba. Ci gaba da ɗagawa har hannu ya fara rawa, ka ji saura ɗaya ko biyu ka kasa, ko da hakan ya kai ka 25 ko 30. Wannan zubi ɗaya ke nan. Yi uku ko huɗu, kana huta minti ɗaya zuwa biyu tsakani.

Idan 30 ta zama wasa, ƙara wa motsin wuya. Sauke ƙarfen a hankali cikin daƙiƙa uku, ka ɗan tsaya a ƙasa kafin ka ɗago. Kada ka yi lilo da jiki, domin ƙugu ne zai karɓe aikin damtse, daga nan ciwon baya ya biyo.

Ƙafa da gadon baya sun fi ƙarfin kilo 5, don haka a yi musu ɗai-ɗai. Ɗora ƙafa ɗaya a kan kujera ta bayanka, ka riƙe ƙarafan, ka tsuguna da ɗayar har cinya ta yi daidai da ƙasa. Na baya kuwa, dafa kujera, ka haɗa ƙarafan biyu cikin jaka mai ƙwari, ka jawo ta zuwa ƙugu da hannu ɗaya. Kafaɗa ba ta da wannan matsala, ɗaga kilo 5 gefe-gefe ya ishe ta.

Sannan ka daina yi kullum. Kowace tsoka sau biyu ko uku a mako, da hutun awa 48 tsakani. Ka samu barcin awa 7 zuwa 9, da furotin (sinadarin abinci mai gina jiki) kimanin giram 1.6 a rana ga kowane kilo na nauyin jikinka. Rubuta adadin da ka yi, mako mai zuwa ka nemi wuce shi. Ranar da dabarun nan suka daina gajiyar da kai, to lokacin sayen masu nauyi ya yi.