Dokar zubar da ciki a Amurka: me ya sa ta bambanta daga jiha zuwa jiha?

Tambaya: Ƙanwata tana aure a Houston, jihar Texas, kuma tana da juna biyu. Na ji an ce ko matsala ta taso likita ba zai taɓa cikin ba. Ashe tsarin mulkin Amurka bai ba mace kariya ba?

Amsa: Malama, Allah ya sauke ta lafiya. A da akwai wannan kariya, yanzu babu ita a matakin tarayya. A 1973 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Roe da Wade cewa gyara na 14 na kundin tsarin mulki ya kare 'yancin mace a kan cikinta. A 1992, a shari'ar Casey, aka tsayar da iyaka: jiha ba ta da ikon haramta zubar da ciki kafin lokacin da jariri zai iya rayuwa a wajen mahaifa, wato wajen mako 24. Ranar 24 ga Yunin 2022, a shari'ar Dobbs, wadda ta taso daga dokar Mississippi ta mako 15, alƙalai 5 cikin 9 suka soke Roe. Suka ce kundin tarayya bai ba da wannan 'yanci ba, kowace jiha ta yi dokarta.

Texas na cikin jihohi 13 da suka riga suka ajiye doka tana jiran wannan rana. Yanzu an haramta zubar da ciki a can tun daga farkonsa, ko da fyaɗe ne sanadi, ko an gano jaririn ba zai rayu ba. Likitan da ya saɓa zai iya fuskantar ɗaurin rai da rai, tarar da ba ta gaza dala 100,000 ba, da ƙwace lasisi. Ita mai cikin dokar ba ta hukunta ta.

Abin da ya shafi ƙanwarki kai tsaye shi ne togacin da ke cikin dokar. An yarda likita ya raba mace da ciki idan rayuwarta ko wata babbar gaɓa ta jikinta na cikin haɗari. Cikin da ya zauna a wajen mahaifa, da wankin ciki bayan ɗan tayi ya mutu, dokar ba ta lissafa su a zubar da ciki ba. Inda ake samun tangarɗa shi ne tsakiya: misali faya ta fashe a mako 18, jaririn ba zai rayu ba, amma zuciyarsa na bugawa. Likita yana tsoron gidan yari, sai asibiti ya tsaya tuntuɓar lauya, har zazzaɓi ya kama uwar, ƙwayar cuta ta shiga jini. Wannan jinkiri shi ne babban haɗari. A 2024 Kotun Ƙolin Texas ta ce ba sai mace ta kai bakin mutuwa ba kafin likita ya yi aikinsa, kuma ya kamata ƙanwarki da mijinta su san haka.

Don haka tun a awon farko ta tambayi likitarta ƙarara: in faya ta fashe da wuri ko jini ya ɓalle, me asibitin nan ke yi? Idan ta ga jini, zazzaɓi ko ruwa na zuba, ta nufi sashen gaggawa nan take. Dokar tarayya ta EMTALA, ta 1986, ta wajabta wa kusan duk asibitoci duba mai neman agajin gaggawa ko ba ta da inshora.

Kariyar da ta rage tana cikin kundin tsarin mulki da dokokin wasu jihohi. Masu zaɓe a Michigan, California da Vermont sun rubuta ta a 2022, Ohio a 2023, Arizona a 2024. A Florida kashi 57 cikin ɗari sun amince, amma dokar jihar na bukatar 60, shi ya sa haramcin zubar da ciki bayan mako 6 yake nan daram a jihar. Kuma ana fara ƙirga makonnin ne daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, saboda haka mace na da kamar mako 2 kacal bayan ta lura da ɓatan wata. A Texas kuwa jama'a ba su da ikon kawo irin wannan ƙuri'a da kansu, sai ta hannun majalisa. Maƙwabciyarta New Mexico ba ta sa iyakar makonni ba, kuma can mata da yawa daga Texas suke zuwa.