Hoton ɗan Meksiko a zauren Baba

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma yi murna da ka sauka Katsina lafiya. Ka gaishe mini da mahaifinka. Tambayoyi biyu ka yi, ko da yake ka dunƙule su wuri guda. Ka ce ka ga hotuna biyu a zauren gidanmu na Sabon Zango a Accra, na Azumah Nelson, gwanin damben Ghana, da na wani farin saurayi mai tulin gashi, da ka tambayi yara suka ce maka shi ne wanda ya doke Azumah. Ka ce a iya saninka ba a rataya hoton wanda ya kashe naka. Sannan ka ƙara da cewa me ma ya haɗa Bahaushe da damben safar hannu, ina namu na zare? Ta biyun ce ta sosa mini rai, amma bari in fara da hoton.

Sunan saurayin Salvador Sánchez, mutumin Meksiko. Kambun da yake riƙe da shi a lokacin, na duniya a ajin masu nauyin fam 126, mu a Accra kallon kayanmu muke yi masa. D.K. Poison ne ya fara kawo shi Ghana a 1975, Danny Lopez na Amurka ya zo har filin wasa na Accra ya ƙwace shi a 1976, shi kuma Sánchez ya ƙwace daga hannun Lopez a 1980. A Yulin 1982 aka shirya Sánchez zai kare kambun da wani Mario Miranda a New York, sai Miranda ya ji rauni. Saura kamar mako biyu aka nemo Azumah ya cike gurbi. Dambensa na kuɗi goma sha uku ne kacal a lokacin, kuma a Amurka ba wanda ya san shi. Ran 21 ga wata suka shiga fili a Madison Square Garden. Sánchez ya kai shi ƙasa a turmi na bakwai, ya tashi ya ci gaba da kutsawa. Haka suka yi ta yi har turmi na goma sha biyar, na ƙarshe, fuskar Azumah ta kumbura suntum, ya sake faɗuwa, ya sake tashi yana tangaɗi, alƙalin wasa ya shiga tsakani. Ɗaya daga cikin masu ba da maki uku ma Azumah ya sa a gaba kafin a tsayar.

Shekarata goma sha biyu. Na tuna Baba, Allah Ya jiƙansa, ya dawo daga mahauta ya zauna a kan tabarma, Hajiya, mahaifiyata, ta kawo masa koko da ƙosai, har kokon ya yi fata bai taɓa ba. A ranar da wani ya kawo masa hoton Sánchez, da a murhu zai ƙare.

Ka lura da yadda aka auna nasarar a ranarta. Shekara guda kafin nan Sánchez ya tumurmusa Wilfredo Gómez na Puerto Rico a turmi na takwas, mutumin da kowa ke shakkar hannunsa. Waccan nasara nan take aka biya shi farashinta. Ta Azumah kuwa ba ta ƙara masa komai ba. Abin da za a ce shi ne zakaran duniya ya sha da ƙyar a hannun wani yaro da aka ɗauko daga Afirka don a rufe gurbi. Mako uku bayan haka, ran 12 ga Agusta, Sánchez ya yi haɗari da motarsa a kan hanyar Querétaro ya mutu, yana da shekara ashirin da uku. Bai sake kai naushi ko ɗaya ba a duniya.

Azumah ne ya ci gaba. A Disamban 1984 ya bi Gómez har garinsu San Juan ya kwantar da shi a turmi na goma sha ɗaya, kambun nan dai ya dawo Accra. A 1988 ya hau ajin fam 130 ya ɗauki na can. A 1991 suka yi kunnen doki da Jeff Fenech na Ostireliya, mutane da yawa suka ce an cuci Fenech. Sai Azumah ya yarda a sake a gidan Fenech, a Melbourne, a Maris na 1992, gaban dubban mutanensa, ya gama da shi a turmi na takwas, alhali ba a taɓa doke Fenech ba kafin ranar. Yana da shekara talatin da bakwai ya sake karɓo kambu daga Gabriel Ruelas a 1995. A 2004 aka shigar da sunansa zauren gwarazan dambe na duniya da ke Canastota a Amurka.

Bayan damben Fenech ne Baba ya yanko hoton nan daga wata mujalla ya kai aka yi masa gilashi. Abokansa na mahauta sun yi masa irin tambayar da ka yi mini. Amsarsa ita ce, duk wanda Azumah ya kayar, wancan yaron yana kwance a kabarinsa yana ƙara nauyi. Ya kan kwatanta shi da mutumin da ya sayi fili a daji da kuɗi kaɗan, ya mutu, gari ya zo ya tarar da filin. Ya san abin da yake faɗa, don Sabon Zangon da ka kwana a ciki bayan gari ne sa'ad da sarakunan Ga, ƙabilar da ke da asalin Accra, suka ba Malam Baƙo wurin a farkon ƙarnin da ya wuce, yau kuwa ka ga inda yake.

Akwai masu musu, har a majalisarmu. Suna cewa ɗanyen Azumah Sánchez ya doka, wanda bai nuna ba, don haka bai kamata a riƙa lissafa masa Azuman 1992 ba. Da gaskiyarsu ta wani gefe, don ni ma na yarda da an ba Azumah wata uku na shiri da labarin zai iya canzawa. Amma ga abin da ya tsaya mini. An ci Azumah da maki bayan nan, Pernell Whitaker ya ci shi, Jesse James Leija ma haka. Sai dai tun daga farkon dambensa har ya ajiye safa, mutum ɗaya tak ne ya taɓa tsayar da shi kafin ƙarshen lokaci, shi ne mai hoton nan. A 1982 ba wanda zai iya sanin haka. Sai da Azumah ya yi shekara goma sha shida yana shan naushin manya yana tsaye, sannan aka gane girman abin da aka yi a daren nan. Ku ma a gida kun san wannan lissafi. Wanda ya taɓa kashe Shago ko sau ɗaya, ai darajarsa a bakin 'yan dambe daga girman Shago take fitowa, kuma ba wanda zai zagi Shago don ya yabe shi.

To, maganar me ya haɗa mu da boksin. Hajiyar da ka durƙusa ka gaisar, wadda ta dafa maka waken nan da shinkafa da ka yi ta santi, 'yar Ga ce, haifaffiyar unguwar James Town a nan Accra. Ta musulunta kafin a ɗaura aurenta da Baba, ta yi aikin hajji, ta aurar da 'ya'ya bakwai a kan sunna. Yayyenta masunta ne, kuma su suka riƙa jan hannuna muna tsallake tafkin Korle zuwa unguwar Bukom, inda ake kewaye fili da igiya a tsakiyar unguwa yara su gwada ƙashi. Su kawunnaina ne kamar yadda mahaifinka yake ɗan'uwana. In ɗan unguwarsu ya shiga fili a Amurka, jinina ne ke tafasa, ba aro na yi ba.

Na ga ka sunkuyar da kai kana murmushi da Hajiya ta ce "Amina ya tafi makaranta." Ban yi magana ba a lokacin don kai baƙo ne. Haka Hausar Zango take, ba mu cika raba mace da namiji a magana ba, kuma 'ya'yan Hausawa tsantsa ma haka suke yi. Wannan Hausar ce Dagomba da Mosi da Zabarmawa da Kotokoli suke ciniki da ita a kasuwannin Accra da Kumasi, da ita ake tafsiri da azumi, da ita ake kiran suna ran bakwai. Babban limamin ƙasar nan, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ɗan Zango ne, shugabannin ƙasa suna zuwa gaishe shi har gida a Fadama. Tuwon zafi da koko da fura da kowane ɗan Ghana ke nema da sunansu na Hausa, daga tukwanen iyayenmu mata suka fita. Ni dai ban taɓa jin Hausancina ya ragu don uwata 'yar Ga ce ba, kuma yana mini ciwo in na ji an auna mu da "ya" da "ta".

Abin da ya fi ciwo shi ne 1969, da gwamnatin Ghana ta firaminista Busia ta ce baƙi marasa takarda su fita cikin mako biyu. A motar kaya kakanka ya tafi da mahaifinka yana ɗan shekara shida. Baba ya tsaya, don a nan aka haife shi, kuma dangin Hajiya ne suka tsaya masa suka ce nasu ne. Da gidan nan bai zama namu ba yau ba don waɗannan masuntan ba. Mahaifinka ya san wannan, ka tambaye shi.

Dambe na zare kuwa, gaskiya ba mu riƙe shi ba. Ba mu da fagen bayan kaka, ba mu da makaɗan da za su zuga mu. Amma kakanmu da ya zo daga Katsina da fawa ɗan dambe ne, kuma zarensa yana nan a cikin akwatin ƙarfen Baba tare da layunsa biyu, ya yi baƙi ya bushe kamar jijiya. Ina yaro Baba yakan fito da shi ya naɗa mini a hannun dama, ya nuna mini yadda ake miƙa hagu a yi garkuwa, sannan ya kwance ya mayar. Na so in nuna maka da ka zo, hidimar biki ta sha kaina. Ka ce wa mahaifinka rabonsa da gidan nan shekara hamsin da 'yan kai, Hajiya kuma kullum sai ta tambaye shi da sunan da take kiransa yana yaro. In Allah Ya kai mu bayan babbar salla ku taho tare, zan buɗe akwatin, in kuma kai ku Bukom da yamma lokacin da yara ke fitowa.