Kar ki rabu da ita don kin fi ta sauri

'Yar'uwa, kin ce ƙawar da kuke gudun safe tare ba ta iya bin saurinki, ga shi kina shirin tseren kilomita 10, ko ki bar ta ki ci gaba ke kaɗai? A'a, kar ki bar ta. Ki ware kwana biyu a mako ki yi gudunki mai zafi, sauran kwanakin ku tafi tare. Dama yawancin atisayen dogon zango a sannu ake yinsa, yadda za ku iya hira ba haki.

Ni nan Katsina, in hunturu ya kankama, ba don ƙawata tana tsaye a ƙofar gidanmu bayan Asuba da hijabinta da gorar ruwa ba, wallahi bargo zan ƙara ja. Kuma in muna zagayawa ta wajen filin wasa na Karkanda mu biyu, masu sakin magana sukan kama bakinsu, abin da ba na samu in ni kaɗai ce. Amma ki faɗa mata da bakinki ranakun da za ki ware. Ni ban faɗa wa tawa ƙawar ba, ta hango ni ina gudu ni kaɗai, sai da muka yi sati ba ta ɗaga wayata.